Tambaya da Amsa: Yaya Tashar Rediyo Take Cika Yini Guda da Magana Zalla?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai karatun aikin jarida. A wani darasi an ambata mana tashar BBC ta cikin gida mai suna Radio 4, aka ce tun daga asuba har bayan tsakar dare ba ta sa kiɗa sai magana, ba ta kuma yin talla, amma miliyoyin mutane suna sauraronta. Abin ya ɗaure mini kai. Me ake faɗa a duk tsawon wannan lokaci? Wa yake yanke shawarar abin da zai zo da safe da abin da zai zo da dare? Kuma me ya sa masu sauraro ba sa gundura?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin in shiga amsar, bari in raba abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara watsa shirye-shirye a 1957, reshe ne na ɓangaren da ke magana da ƙasashen waje. Ita kuwa Radio 4 tasha ce ta cikin gida, da Turanci take magana, kuma mutanen Birtaniya take yi wa. An buɗe ta ranar 30 ga Satumba, 1967, a madadin tashar Home Service da ta yi aiki tun daga 1939, kuma ƙididdigar masu sauraro ta 'yan shekarun nan tana nuna cewa kimanin mutum miliyan 9 ne suke kama ta a kowane mako. Akwai kuma ɗan gyara a abin da aka gaya muku: ba a rasa kiɗa gaba ɗaya a tashar, domin shirin Desert Island Discs, wanda Roy Plomley ya ƙirƙiro a 1942, yana neman baƙo ya zaɓi faifai takwas da zai so ya tafi da su idan aka jefa shi wani tsibiri shi kaɗai. Amma ko a nan ma kiɗan sanadi ne kawai na buɗe bakin baƙon ya ba da tarihin rayuwarsa.

Abin da ya kamata ka fara riƙewa shi ne cewa mai tsara jadawalin irin wannan tasha ba ya farawa da lissafin shirye-shiryen da ke hannunsa, yana farawa ne da tambayar abin da mai sauraro yake yi a wannan sa'a. Rediyo abokin mai aiki ne: ana jin sa hannu yana wanke-wanke, ido yana kan titi, ko jiki yana kwance ana jiran barci. Saboda haka tsawon kowane shiri, da saurin magana a cikinsa, da nauyin batun da aka ɗauko, duk ana auna su ne da yawan hankalin da mutum zai iya bayarwa a wannan lokaci. Idan ka fahimci wannan, za ka ga cewa jadawalin, wanda da farko yake kama da tarkacen da aka jera ba tsari, hoton yinin ɗan Birtaniya ne tun daga tashi har kwanciya.

Da ƙarfe 5:45 na asuba a ranakun aiki akwai shirin manoma na kusan kwata, domin su ne suke farke a lokacin. Da ƙarfe 6:00 sai shirin labaran safe mai suna Today ya shigo, kuma shi ne ƙashin bayan tashar. An fara shi a 1957, yana ɗaukar sa'a uku kai tsaye, kuma an gina shi a kan sanin cewa ƙalilan ne suke zama su ji shi daga farko har ƙarshe. Wani zai kama minti ashirin yana shiryawa, wata za ta kama rabin sa'a a mota, wani kuma ba zai ji komai ba sai kanun labarai. Dalilin da ya sa ke nan ake yanyanka shirin gutsi-gutsi, kowane batu minti uku zuwa biyar, ake kuma maimaita manyan labarai a kan kowace sa'a da rabinta, ake sa wasanni da hasashen yanayi a mintunan da ba sa canzawa. Mai sauraron da ya saba ba ya buƙatar duba agogo: idan ya ji an shiga labarin wasanni, ya san ko ya makara ko da sauran lokaci. Ɗalibai sukan ɗauki wannan maimaici a matsayin ƙarancin labari, alhali kuwa shi ne dabarar shirin baki ɗaya.

Aikin da ke bayan waɗannan sa'o'i uku ya fi abin da kunne yake ji yawa nesa ba kusa ba. Akwai ayarin ma'aikata na rana da suke neman baƙi da tsara batutuwan gobe, sai su miƙa wa ayarin dare, waɗanda sau da yawa sukan rushe rabin abin da aka tsara idan wani babban labari ya ɓarke. Masu gabatarwa suna isowa wajen ƙarfe 4:00 na dare su karanta bayanan da aka tanadar musu, su rubuta gabatarwar kowane batu da bakinsu. Hirar da ake yi da ƙarfe 8:10 ita ce mafi daraja, domin a wannan lokaci masu sauraro suka fi yawa, kuma a nan ne ake titsiye minista ko jagoran adawa. Abin da aka faɗa a wannan hira yakan zama kanun jaridu da abin muhawara a majalisa kafin azahar, shi ya sa 'yan siyasa suke tsoronta kuma suke rububinta a lokaci guda.

Misalai biyu za su nuna maka ƙarfin wannan shiri da kuma haɗarinsa. Ranar 10 ga Nuwamba, 2012, John Humphrys, wanda ya gabatar da Today daga 1987 zuwa 2019, ya yi hira da babban daraktan BBC kansa, George Entwistle, a kan wani rahoton talabijin da ya jingina wa wani ɗan siyasa laifin da bai aikata ba. Entwistle ya kasa kare kansa, kuma kafin ranar ta ƙare ya ajiye aiki, bayan kwana 54 kacal a kan kujera. Ma'aikaci ya yi wa maigidansa tambayoyin da suka raba shi da muƙami, a tashar da maigidan yake shugabanta. Da wuya a sami shaidar 'yancin ɗakin labarai da ta fi wannan. Misali na biyu ya nuna ɗaya fuskar. Da ƙarfe 6:07 na safiyar 29 ga Mayu, 2003, wakilin shirin Andrew Gilligan ya yi magana kai tsaye ba tare da rubutu a gabansa ba, ya ce mai yiwuwa gwamnatin Birtaniya ta san cewa iƙirarinta na cewa Iraƙi za ta iya harba makaman ƙare-dangi cikin minti 45 ba daidai ba ne. Waɗannan 'yan jimloli suka jawo rikici da gwamnatin Firaminista Tony Blair, sannan bayan mutuwar masanin makamai David Kelly, wanda shi ne majiyar Gilligan, aka kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin alƙali Lord Hutton, wanda rahotonsa na Janairun 2004 ya sa shugaban hukumar gudanarwar BBC Gavyn Davies da babban darakta Greg Dyke suka yi murabus. A ganina duk mai koyon aikin rediyo ya kamata ya san wannan labari, domin maganar da aka yi kai tsaye ba a iya goge ta, kuma sa'ar da ake ganin mutane ba su farka ba ita ma ana naɗar ta.

A tsakiyar wannan hayaniyar siyasa, wajen ƙarfe 7:45, ana tsayawa na ƙasa da minti uku domin wani mai addini, Kirista ko Musulmi ko Bayahude ko mabiyin wani addinin, ya yi tsokaci a kan wani labarin ranar ta fuskar imaninsa. Sashen addini ne yake shirya wannan fili, ba editocin Today ba, kuma an daɗe ana jayayya a kansa saboda ba a ba marasa addini dama a cikinsa.

Yanzu bari in tsaya a kan agogo, domin a nan gizo yake saƙa. A farkon yawancin sa'o'i ana jin ƙara shida gajeru, biyar na farko ƙiris-ƙiris, ta shidan ta fi tsawo, kuma farkon ta shidan shi ne cikar sa'a daidai. BBC ta fara watsa wannan alama ta lokacin Greenwich a watan Fabrairun 1924. Da ƙarfe 6:00 na yamma da 12:00 na dare kuwa ƙararrawar Big Ben ake ji daga hasumiyar majalisar dokoki a Landan. Babban abin kunya ne ga mai gabatarwa maganarsa ta hau kan waɗannan ƙararraki, haka kuma abin kunya ne ya gama da wuri ya bar shiru mai tsawo. Shi ya sa ake lissafin rubutun rediyo da daƙiƙa, bisa ƙa'idar da aka saba da ita ta kimanin kalma uku ta Turanci a daƙiƙa ɗaya, shi ya sa kuma furodusa yake zaune a bayan gilashi yana lissafi daga ƙarshen shiri zuwa baya, yana raɗa wa mai gabatarwa a kunne cewa saura daƙiƙa arba'in, ya katse baƙo ko da minista ne. Tashar kiɗa tana iya rage sautin waƙa ta shige labarai ba wanda ya lura. Tashar magana ba ta da wannan mafaka, domin jimlar da aka yanke a tsakiya kowa zai ji.

Da ƙarfe 9:00 yanayin tashar yakan sauya gaba ɗaya. Masu gaggawa sun isa wurin aiki, waɗanda suka rage kuwa, wato masu aiki daga gida, da 'yan fansho, da direbobin doguwar tafiya, da masu kula da yara ko marasa lafiya, suna da natsuwar bin magana guda mai tsawo. A nan ake sa shirye-shiryen minti arba'in da wani abu a kan batu ɗaya tak. Wanda ya fi shahara shi ne In Our Time na ranar Alhamis, wanda Melvyn Bragg ya fara a 1998 ya kuma gabatar da fiye da kashi 1,000, inda ake zaunar da malaman jami'a uku su warware wani batu na tarihi ko falsafa ko kimiyya, ba kiɗa, ba ƙawa, ba wayar masu sauraro. Duk wanda aka kawo wa wannan tsari a takarda zai ce ba zai karɓu ba, amma ya karɓu, kuma darasin da ke ciki shi ne cewa abin da ke gundurar mai sauraro ba nauyin batu ba ne, rashin shiri ne da rashin mai jan ragamar hira. Da ƙarfe 10:00 sai Woman's Hour, shirin da ke duba al'amura ta fuskar mata, wanda ya samo asali tun 1946.

Sauran rana ba sai na bi ta sa'a-sa'a ba. Akwai shirin koke-koken masu sayen kaya da tsakar rana, akwai wasan kwaikwayo bayan ƙarfe 2:00, akwai shirye-shiryen kimiyya da shari'a da kuɗi da lambu da littattafai da ake jujjuyawa bisa ranakun mako. Abin lura shi ne ginshiƙan labarai da aka kafa a tsakaninsu: The World at One da ƙarfe 1:00, PM da ƙarfe 5:00, cikakkun labarai da ƙarfe 6:00, sai The World Tonight da ƙarfe 10:00 na dare. Labarin ranar ɗaya ne, amma kowane shiri yana da editansa da halinsa. Na rana yana ɗaukar abin da aka faɗa da safe ya nemi martani, na yamma yana da sassauci da ɗan raha saboda mutane sun gaji suna hanyar gida, na dare kuwa ya fi karkata ga ƙasashen waje da sharhi.

Wannan ya kawo mu ga tambayarka ta wanda yake yanke shawara. Tashar tana da shugaba guda wanda jadawali yake hannunsa, tare da editoci masu ba da kwangilar shirye-shirye a fannin wasan kwaikwayo, da barkwanci, da shirye-shiryen ilimi. Wasu shirye-shiryen ma'aikatan BBC suke yi, wasu kuma kamfanoni masu zaman kansu suke kawo shawararsu a zaɓa, kuma ana yin wannan zaɓe watanni da yawa kafin a ji shirin. Shirye-shiryen labarai kuwa suna ƙarƙashin sashen labarai na BBC, shugaban tashar yana ba su fili ne amma ba ya zaɓar musu baƙi. Tsakanin shiri da shiri akwai mai sanarwa guda a situdiyo, wanda muryarsa take ɗinke yinin wuri ɗaya, kuma shi ne yake cike giɓi idan na'ura ta ƙi ko layi ya yanke.

Da ƙarfe 6:30 na yamma, nan take bayan labarai mafiya nauyi, ana sa rabin sa'a na barkwanci, kuma wannan jeri da gangan aka yi shi. Da ƙarfe 7:00 sai The Archers, wasan kwaikwayo mai dogon zango da ke ba da labarin wani ƙauye na ƙirƙira mai suna Ambridge. An fara watsa shi a duk ƙasa ranar 1 ga Janairu, 1951, lokacin da Birtaniya take fama da ƙarancin abinci bayan yaƙi, kuma an yi shi da haɗin gwiwar ma'aikatar gona domin a cusa wa manoma sababbin dabarun noma ta cikin labari, maimakon lacca da ba mai saurare. Wannan haɗin gwiwa ya ƙare a farkon shekarun 1970, amma wasan ya ci gaba har ya wuce kashi 20,000, yana tafiya da kalandar gaskiya, ta yadda idan lokacin girbi ne a ƙasar to girbi ake yi a Ambridge. Kowane kashi bai kai kwata ba, ana maimaita shi washegari da ƙarfe 2:00 na rana, sannan a haɗa na mako duka ranar Lahadi. Ka lura cewa maimaici a nan ma ba lalaci ba ne: masu sauraron rana da na yamma ba mutane ɗaya ba ne, kuma wasan kwaikwayo yana da tsada, don haka asara ce a watsa shi sau ɗaya.

Batun tsada shi ne ya bayyana rashin talla. Magana ta fi kiɗa cin kuɗi ƙwarai, domin sa'a guda ta faifai tana buƙatar mutum ɗaya ko biyu, amma sa'a guda ta rahoto ko wasa tana buƙatar marubuta da masu bincike da 'yan wasa da injiniyoyi. Kuɗin yana fitowa ne daga lasisin talabijin da gidaje suke biya kowace shekara, wanda ya kai fam 174.50 a Afrilun 2025. Lasisin rediyo shi kaɗai an soke shi tun 1971. Da yake kowa ne yake biya, tashar tana ɗauke da nauyin yi wa ƙananan rukunoni hidima ko da ba su da yawan da zai ja hankalin mai talla, kamar manoma da makafi da masunta. Amma wannan tsari yana da nasa ƙalubalen. An daɗe ana sukar tashar da cewa masu sauraronta sun fi karkata ga manya da masu ilimin boko da mazauna kudancin Ingila, kuma sukar tana da tushe. Sannan su masu sauraron suna ɗaukar jadawalin tamkar kayan gadonsu: a 2006, da shugaban tashar na lokacin, Mark Damazer, ya cire ɗan kiɗan da ake buɗe tashar da shi da asuba, sai da aka yi ta ƙorafi har maganar ta kai majalisar dokoki. Sabo ne yake riƙe masu sauraro, kuma sabon nan shi ne yake ɗaure hannun duk shugaban da ya zo da niyyar gyara.

Za ka iya cewa wayar hannu ta rage wa jadawali daraja, tun da manhajar BBC Sounds, wadda aka buɗe a 2018, tana ba mutum damar jin shiri a lokacin da ya ga dama. Gaskiya ne ga naɗaɗɗun shirye-shirye, waɗanda da yawansu yanzu ake sakinsu a intanet kafin a watsa su a rediyo. Amma hirar ƙarfe 8:10 ba ta da armashi da yamma, domin kafin lokacin an riga an mayar da martani a kanta, kuma akwai mutane da yawa da suke kunna rediyo daidai don kada su zaɓa da kansu. Wanda ya kunna domin labarai ya tsinci kansa yana sauraron bayani a kan ƙudan zuma ko dokar gado, abin da ba zai taɓa nema da hannunsa ba.

Da dare sauti yakan yi ƙasa. Bayan The World Tonight ana karanta wani yanki na littafi na kwata guda, da ƙarfe 11:30 kuma, idan majalisa tana zama, ana kawo rahoton abin da aka tattauna a cikinta, aikin da ake yi tun 1945. Sai labaran tsakar dare, sannan da ƙarfe 12:48 a zo ga abin da baƙo ya fi mamaki a duk yinin, wato hasashen yanayin teku domin masu jiragen ruwa. Hukumar hasashen yanayi ta Birtaniya ce take rubuta shi, an raba tekunan da ke kewaye da tsibiran zuwa yankuna 31, kuma ana karanta su a jeri ɗaya da ba ya canzawa, daga Viking a arewa maso gabas, a bi ta Dogger da Fisher, a zagayo kamar tafiyar hannun agogo har a ƙare a kudu maso gabashin Iceland. Ga kowane yanki ana faɗin inda iska take fitowa da ƙarfinta a ma'aunin Beaufort, da yanayin sama, da nisan da ido zai iya gani, cikin kalmomi ƙididdigaggu, a hankali yadda mai jirgi zai iya rubutawa. Jiragen zamani suna da na'urorin da suke ba su wannan bayani, kuma mafi yawan masu sauraronsa a yau suna kwance ne a gado, ba su taɓa tuƙa ko kwalekwale ba. Duk da haka, da aka sauya sunan yankin Finisterre zuwa FitzRoy a 2002, domin kauce wa ruɗani da wani yanki mai wannan suna a hasashen Sifaniya da kuma karrama Robert FitzRoy wanda ya kafa hukumar, mutanen tudu ma sai da suka yi ta ƙorafi. Bayan an gama hasashen, mai sanarwa yakan yi wa masu sauraro sai da safe, a sa taken ƙasa, da ƙarfe 1:00 kuma a haɗa tashar da shirye-shiryen Turanci na sashen ƙasashen waje har zuwa asuba, lokacin da ayarin dare na Today suke kan waya suna tabbatar da baƙon da zai zauna a kujerar ƙarfe 8:10.